4.3 Matsayin Mayya da Aljana a Ƙagaggun Labaran Soyayya na Hausa

Kamar yadda aka bayyana a babi na uku, ɓoyayyun halittu suna daga cikin tubalan da marubutan Hausa suka fara gina ƙagaggen labari da su. *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam da *Ganɗoki* na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta shekarar 1933, duka suna ƙunshe da aljanu. Abin da wannan sashe zai duba shi ne dalilin da ya sa aljana ta sami gurbi a labarin soyayya, ita kuwa mayya ba a cika ba ta matsayin tauraruwa ba.

Wannan tambaya ta taso ne saboda wani nau'in labari da ya yi kasuwa a Ingila da Amurka, inda ake ɗaukar mayya a mai da ita tauraruwa mai kirki. Misali shi ne *The Very Secret Society of Irregular Witches* na Sangu Mandanna (2022). Tauraruwar littafin, Mika Moon, marainiya ce da ta tashi tana ɓoye maitarta. Da aka kira ta wani gida domin ta koyar da wasu yara mata uku masu irin baiwarta, sai ta sami masoyi a can, mutanen gidan kuma suka zame mata dangi, alhali ba su haɗa jini ba. Ke nan jigon littafin biyu ne: soyayya, da kuma dangin da mutum kan tsinta a zaman duniya.

Irin wannan labari ya yi wa Bature sauƙin karɓa ne domin tun shekarar 1735 dokar Ingila ta daina ɗaukar maita a matsayin abin da ke aukuwa da gaske. A ƙasar Bukkuyum da Gummi da Anka kuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, kalmar maita tana da nauyi har yau. Jama'a da dama sun yi imani cewa maye yana da ƙanƙara a cikinsa, yana kama kurwar mutum, kuma ba a samun sauƙi sai an sa shi ya tsallake wanda ya kama. An kuma yarda cewa ana shan maita a nono. Wannan batu na nono shi ne ya shafi soyayya kai tsaye, domin idan an jefi uwa da maita, to an jefi 'yarta, kuma binciken asali da ake yi kafin aure yakan tsaya a nan. Saboda haka marubucin da ya ce tauraruwarsa mayya ce ya riga ya raba ta da mai karatu tun shafin farko.

Aljana ba ta da wannan matsala. Alƙur'ani ya tabbatar da samuwar aljanu, cikinsu akwai musulmi akwai kafirai, kuma ba dangin kowa ba ne a gari, balle a ɓata wa wani gida suna. Wannan dama ce Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe da zama a Gusau, ta yi amfani da ita a *So Aljannar Duniya*, wanda ya zo na biyu a gasar kamfanin NNPC na Zariya, aka buga shi a 1980. A kashin farko na littafin, abin da ya tsaya tsakanin Boɗaɗo, 'yar Fulani, da masoyinta Yasir, Balarabe, shi ne bambancin asali da ƙin yardar dangi. A kashi na biyu sai aljana ta shigo tana son mijin, Boɗaɗo kuma ta tashi tsaye domin ta ceci aurenta.

Idan aka duba zubi da tsarin littafin, za a ga wannan dabara tana da ƙarfi, tana kuma da rauni. Ƙarfinta shi ne an juya tsarin da aka saba: mace ce ke fita fafutikar ceton namiji, saɓanin *Ganɗoki* inda jaruntaka ta maza ce. Rauninta kuwa shi ne shigowar aljana ta kawar da hankalin mai karatu daga matsalar da aka faro da ita. Rikicin asali na mutane ne, kuma a tsakanin mutane ya kamata a ga warwararsa dalla-dalla. Bugu da ƙari, aljanar ta tsaya ne a matsayin kishiya kawai, ba a nuna wani ɓangare na halinta da zai sa a tausaya mata ba.

Abin lura a nan shi ne, adabin baka ya fi rubutaccen labari sakin hannu a wannan fage. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda yara ke ji a bakin kakanni, 'yar bora da gidan ubanta ya wulaƙanta ta tarar da cinya da kare a cikin wata bukka. Ba ta yi musu dariya ba, ta gaishe su, ta dafa abin da suka ba ta. Su kuma suka riƙe ta riƙon 'ya, suka sallame ta da ƙwan da ya zama arzikinta. 'Yar mowa da ta raina su ta komo da wahala. Wannan shi ne ainihin jigon dangin tsintuwa: abin da ake tsoro ya yi wa yarinya abin da jininta ya kasa yi mata. Al'ada ma ta san irin wannan zumunta, domin akwai ɗan riƙo, akwai uwar ɗaki da 'yar ɗaki, ga kuma almajirin da kan zama ɗan gida.

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa marubucin Hausa ba ya bukatar aro mayyar Turawa, kuma da wuya ta karɓu ko da ya aro ta. Abin da ke gabansa ya fi wannan nauyi. Akwai tsohuwar da aka ƙaurace wa a ƙauye saboda yaron maƙwabta ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta, akwai jikarta da manema suka janye mata. Labarin da zai bi wannan yarinya har ta sami masu riƙonta da mai aurenta zai haɗa soyayya da gyaran hali, waɗanda su ne manyan jigogin adabin kasuwar Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980. Sashe na gaba zai duba yadda ake siffanta boka da 'yar bori a waɗannan littattafai.