Jinjina ga masu aikin jakadanci a lokacin rikici

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an rufe iyakar Najeriya da Nijar, aka shiga maganar tura sojojin ECOWAS. Mutanen Babura da Yankwashi, masu 'yan'uwa da abokan ciniki a Magarya da Damagaram, sun kwana da fargaba.

A watan Agusta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka je Yamai neman sulhu. Zuwan farko ba su samu ganin jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, ba. Ba su yi fushi ba, suka sake komawa har aka zauna. Allah ya saka musu.

Amma ni waɗanda suka fi burge ni su ne jami'an jakadancin da ba a jin sunansu. Su ke share fagen irin wannan ganawa, su auna kowace kalma kafin ta hau takarda, su haɗiye baƙar magana, su nema wa matafiyin da ya maƙale takardar komawa gida. Iyalansu na nesa, barcinsu rabi da rabi.

Ba a yi yaƙin ba. A watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe iyakarta.