Eye in the Sky: Fim Ɗin Da Ya Faɗi Rabin Gaskiya

Mai karatu, in ka saba da finafinan yaƙi irin su Top Gun, inda jarumi ke wulƙawa da jirgi a sararin sama, to wannan fim na darakta Gavin Hood da ya fito a 2015 zai ba ka mamaki. Matuƙinsa ko tashi daga kujera bai yi ba. Yana zaune a ɗaki a jihar Nebada ta Amurka, jirginsa marar matuƙi kuma yana shawagi a kan Nairobi.

Ga labarin a taƙaice. Helen Mirren ta fito a matsayin Kanar ɗin sojan Ingila da ta gano 'yan Al-Shabab a wani gida suna shirin harin ƙunar baƙin wake. Ana gab da sakin makami sai wata yarinya, Alia, ta kasa burodinta a jikin katangar gidan. Shi ke nan fa, ministoci da lauyoyi suka shiga turereniya, kowa na gudun a ce shi ya ba da izini.

Gaskiya an yi aiki. Barkhad Abdi ya burge ni, musamman inda yake sarrafa wata na'urar leƙen asiri mai siffar ƙwaro. Wurin da Kanar ta matsa wa yaronta ya rage lissafin haɗarin mutuwar yarinyar zuwa kashi 45 kuwa, nan ne zuciyar fim ɗin.

Amma ga inda nake da ja. Fim ɗin ya nuna mana manya suna zufa a kan rai guda, har matuƙi na hawaye. Anya haka abin yake? Ka tuna Tudun Biri a jihar Kaduna, daren 3 ga Disamba 2023, da jirgi marar matuƙi na sojan Najeriya ya hallaka aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi, aka ce kuskure ne. Wa ya tsaya lissafin masu talla a wannan dare?

Tun daga 2022 yaƙin Yukiren ya nuna irin waɗannan jirage sai ƙara araha suke, ana kuma ƙoƙarin koya wa kwamfuta zaɓen abin hari da kanta. Ranar da hakan ta tabbata, babu mai hawaye ko a fim.

Ka nemi fim ɗin ka kalla. Amma ka riƙe a ranka cewa Alia ta samu gatan da yaran Tudun Biri ba su samu ba: an tsaya muhawara a kanta.