Kiɗan Mika'ilu Haidin na Biyola da Ogan

A ƙauyukan Dambatta da Bichi, idan mai goge ya zauna, masu ƙwarya bin sa suke yi. Shi ne gaba, su ne baya, ba a musun wannan. To, Mika'ilu Haidin, mutumin Ostiriya wanda aka haifa a 1737, ya rasu a 1806, ya shirya wani kiɗa wajen 1761 inda shugabanni biyu suka zauna kan tabarma guda. Lokacin nan yana yi wa Bishof aiki a Oradiya, cikin ƙasar Romaniya ta yanzu.

Na farkon shugabannin shi ne ogan, abin kiɗa mai madannai da babbar murya. Na biyun biyola ce, wani irin goge mai tsirkiya huɗu, wadda aka saba ajiyewa a tsakiyar taron makaɗa, ba a jin ta sosai. Haidin ya fito da ita fili. Kiɗan kashi uku ne: mai sauri, mai sanyi, sa'an nan mai gudu. A na tsakiyan gwanintarsa ta fi bayyana, gama ogan yakan sassauta, biyola ta yi magana, shi ya amsa.

Aibinsa ɗaya ne: kashin farko ya yi tsawo, da yawan maimaici. Amma ya nuna ƙaramar murya ba ta rasa abin faɗi, wurin faɗin ake hana ta. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a kiɗa.