Ɗakin da Ke Fitowa da Haƙƙin Lungu

Duk wanda ya saba bin lungunan Kabara da sauran unguwannin da suka kewaye gidan Sarkin Kano, idan ya ɗaga kansa sama a 'yan shekarun nan, zai tarar wata al'ada ta shigo wa magina, wadda kakanninsu ba su san ta ba, kuma ko da sun san ta, kayan aikinsu ba za su yarje musu ita ba. A tashi ginin ƙasa daidai kan iyakar gida, sa'an nan in an zo zuba kankaren bene, sai a miƙo rodi waje, a turo ɗakin sama bisa lungu da taku biyu ko uku, har ya zama mai gida ya sami faɗin da bai saya ba, bai kuma gada ba. A ƙasa ma haka abin yake: wannan ya fasa katangar zaure ya mai da shi shago, ya dasa matattakalar siminti a bakinsa, wancan ya sa mai walda ya kafa masa rumfar kwano mai ƙafafun ƙarfe, na gaba da shi ya gina wa janaretansa keji ya garƙame da kwaɗo.

Ba na cikin masu cewa zalama ce kaɗai ta kawo wannan, domin larurar a fili take. Gidan da mutum guda ya bari, in aka raba shi tsakanin magada bisa ƙa'idar fara'ili, sa'an nan aka sake raba rabon kowane ɗaya tsakanin nasa 'ya'yan, to jika zai wayi gari da abin da bai wuce ɗaki da rumfa ba, alhali ga iyali na ƙaruwa, ga filin bayan gari ya yi tsada da nisa, ga kuma zuciya ba ta son rabuwa da unguwar da aka binne cibiyarta, musamman unguwa irin Kabara, inda karatu da zikiri suke a ƙofar gida. Maginin dauri, mai aiki da tubali da azara, iyakarsa a bayyane take, saboda azarar giginya, duk da ƙarfinta da gagarar gara da take yi, ba ta ɗaukar rufin ƙasa mai nauyi a tazarar da ta kai mita biyu sai an yi mata dabarar tokara, balle a ce a rataye ɗaki guda a kanta bisa iska. Rodi da siminti su suka ɗauke wannan iyaka, kuma da aka ɗauke ta sai ya rage babu abin da zai tsayar da hannun mutum sai shari'a da kunya.

Akwai wata sana'a a ƙasar Amurka wadda ta fuskanci wannan mas'ala ta ƙuncin wuri, ta kuma warware ta ta wata hanya da ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau. Mutanen can suna da motocin da aka ƙera su gida sukutum, da gado da madafa da makewayi, iyali su shiga su yi makonni suna yawon ƙasa, wasu tsofaffi ma su sayar da gidajensu su koma ciki ɗungurungum. Yawancin masana'antunsu kuwa suna arewacin jihar Indiyana, a garin Elkhart da kewayensa. Matsalar masu ƙera su ita ce doka ta ƙayyade faɗin abin da zai hau titi, wanda a galibin jihohin Amurka bai wuce inci 102 ba, wato kimanin mita 2.6, a Turai kuwa mita 2.55, kuma wannan faɗi, in aka cire kaurin bango da kujeru, ba ya barin wurin da mutum biyu za su gifta juna cikin sakewa. A wajen shekarar 1990 wani kamfani mai suna Newmar, na garin Nappanee, ƙarƙashin Mahlon Miller, ya fito da dabarar yanke gefen motar a saka wani akwati a ciki kamar aljihun tebur, wanda in an tsaya an ja birki, sai a danna maɓalli, inji ya turo shi waje bisa haƙoran ƙarfe ko da ƙarfin mai, ɗauke da kujera da teburin cin abinci ko gado, ɗakin ya ƙaru da abin da ya kai kusan mita guda. Ba a daɗe ba sauran kamfanoni suka bi sahu, har ta kai manyan motocin yau suna da irin wannan akwati uku ko huɗu.

Fa'idarsa ba ta buƙatar dogon bayani, domin duk wanda ya taɓa kwana da iyali a ƙuntataccen ɗaki ya san darajar taku guda. Aibobinsa ne suka fi yawa, kuma masu motocin ba sa ɓoye su. Yanke bango yana rage wa jikin motar ƙarfi, dole a ƙara ƙarfe a kewayen ramin. Akwatin da injinsa suna ƙara nauyin ɗaruruwan kilo, wanda ke cin mai yana kuma rage kayan da za a iya ɗauka, kuma wannan na daga dalilan da suka sa abin bai yaɗu a Turai kamar Amurka ba, tun da lasisin tuƙi na gama-gari a can ya tsaya a kilo 3,500. Tsakanin akwatin da jikin motar akwai tsaga ta kowane gefe, wadda roba kaɗai ke toshe ta, roba kuwa rana na busar da ita, ta tsattsage, ruwan sama ya sami hanya, ya ruɓar da katakon daɓe a ɓoye. Ba sai an faɗa wa mutumin Kano abin da ƙurar hunturu da zafin bazara za su yi wa irin wannan roba da waɗannan haƙora ba. In motar ba ta tsaya a wuri madaidaici ba akwatin yakan karkace ya cije. In an mai da shi ciki, a wasu motocin yakan tare hanyar zuwa makewayi ko firji har sai an sake tsayawa. Mafi tsanani duka, in injin ya ƙi aiki alhali ɗakin yana waje, tafiya ta tsaya ke nan, sai an tura shi da hannu ko an nemo makaniki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, me ya sa mutane masu dukiya da gwanintar ƙira za su ɗora wa kansu wannan wahala duka, alhali da sun faɗaɗa motar gaba ɗaya sun huta da inji da roba da yoyo? Amsar ita ce hanya ba tasu ba ce. An yarje musu su ari wuri a lokacin da suka tsaya, bisa sharaɗin su mayar da shi kafin su motsa, kuma dukkan waɗancan aibobi da na lissafa farashin cika wannan sharaɗi ne, wanda mai motar ke biya daga aljihunsa. Namu ɗakin da ke fitowa kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli, don ba ya komawa, farashinsa kuma maƙwabci da mai wucewa ne ke biya, su da waɗanda za su gaje su.

Abin takaici, mu ne muka fi cancanta da riƙe wannan sharaɗi, saboda fuƙaha'un mazhabarmu ta Malikiyya sun yi bahasinsa filla-filla ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera mota. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa in mutane suka yi saɓani kan faɗin hanya a sanya ta zira'i bakwai, wato sama da mita uku kaɗan, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi guda na ƙasar da ba tasa ba. A ƙarni na 14 wani magini na birnin Tunis, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini ya kawo musu rahoto, ya tattara waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Malaman sun ba mai gida haƙƙin amfani da harabar da ke jikin katangarsa, ya zauna, ya ɗaure dabbarsa, ya sauke kayansa, amma ba su ba shi ikon shigar da ita cikin gininsa ba. Kuma adalci ne in faɗa cewa ba su haramta turo ɗaki bisa hanya kai tsaye ba: sun halatta shi matuƙar ya yi tsawon da mahayin raƙumi zai wuce ƙarƙashinsa kansa bai taɓa ba, kuma bai cutar da kowa ba. Cutarwa ita ce ma'auni, kuma da ita ya kamata a auna benayen da muke gani.

Mutanen birni na da, ko waɗanda ba su karanta waɗannan littattafai ba, urfinsu ya tafi a kan haka. Almajirai su shimfiɗa buzu da tabarma a ƙofar gidan malam da asuba, hantsi ya yi su naɗe. Mai ƙosai ta kafa murhunta da safe ta kwashe kafin rana ta take. A kafa rumfar zana don suna ko zaman makoki, kwanakin su cika a tuge ta. Mafi girman misali yana nan Kabara, ranar Maukibin Ƙadiriyya, wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa tun shekarun 1950, aka kuma ci gaba da shi bayan rasuwarsa a 1996: kowace shekara a watan Rabi'us Sani jama'a daga garuruwa da ƙasashe su cika unguwar da titunanta maƙil, da tutoci da bandiri, a ɗunguma zuwa maƙabartar Wali Mai Giginya, baƙi su kwana a zauruka da ƙofofin gidaje, sa'an nan a watse, hanya ta koma wa masu ita. Unguwar da ke karɓar irin wannan taro tana buƙatar kowane taƙi na lungunanta fiye da kowace unguwa a birnin nan.

A duba abin da ke faruwa in an yi rasuwa a cikin lungun da aka matse. Mutum huɗu sun ɗauko makara a kafaɗa, biyu a gaba biyu a baya. Sun iso kusurwar da matattakalar shago ta cinye gefe guda, kejin janareta ya cinye ɗayan, kwata na gudana a tsakiya. Dole na dama ya hau siminti, na hagu ya tsoma ƙafa a ruwa, makarar ta karkata, mutanen baya su kai hannu su tallafe ta suna salati, na gaba kuma su rusuna don kada ta bugi ƙarfen rumfa. Mai naƙuda da dare, wadda a da Adaidaita Sahu ke ɗauka daga ƙofar gida, yanzu sai an riƙo ta an tako da ita zuwa bakin titi. 'Yan kwana-kwana dama motarsu ba ta shiga, amma mesar ruwansu ma tana buƙatar wurin ja. A sama kuma, in benaye biyu suka fuskanci juna, kowane ya turo nasa, lungun ya zama rami marar iska, danshin damina ya ƙi bushewa, ya riƙa cin gindin tsofaffin katangun ƙasa da suka rage. Indararon bene ya zubo bisa kan mai wucewa. Tagarsa kuma ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda matan aure ke aikinsu ba lulluɓi, wanda wannan ita ce cutarwar da malamai suka fi tsanantawa a kanta, har suka ce a toshe irin wannan taga.

Saboda haka ra'ayina shi ne a rarrabe. Benen da ya yi tsawo, a kan hanya mai faɗi, wanda aka sarrafa ruwansa ta bututu zuwa kwata, tagoginsa kuma ba su kallon gidan kowa, ban ga dalilin ƙyamarsa ba, inuwarsa ma rahama ce da rana. Abin da ke ƙasa, wanda ke tare ƙafa da taya, shi ne bai kamata a dasa shi da siminti ba ko kaɗan. Masu waldarmu, waɗanda ke ƙera ƙofofi da gadaje da kurar 'yan garuwa, ba za su gaza yin rumfa mai naɗewa a jikin bango da matattakalar ƙarfe mai ɗagawa ba. Za ta fi tsada, za ta nemi mai da gyara, wata rana ma ta cije, kuma daidai ne wannan ɗawainiya ta hau kan wanda ke cin amfanin wurin.

Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ita ke da ikon ba da izinin gini, amma lungunan cikin ganuwa sun fi ƙarfin idon ma'aikaci, kuma wanda ya san inda iyakar kowane gida take tun asali shi ne mai unguwa da limami da dattawan layi. Lokacin maganarsu shi ne ranar da kafinta ya kafa katako, birkila ya fara jera rodi, sa'ad da za a iya cewa, “Alhaji, a ja da baya kaɗan,” a yi gyaran da yini guda ba tare da asarar buhun siminti ko ɗaya ba. In aka yi kara aka bari har aka zuba kankare ya bushe, to sai dai kotu da guduma, da gaba tsakanin gidaje biyu da suka yi shekara ɗari suna aurayya da juna.