Jinjina Ga Masu Fim Ɗin Singin' in the Rain

Idan gajiya ta taru wa mutum, akwai fim ɗin da ke sauke ta cikin ruwan sanyi. A wurina shi ne Singin' in the Rain, wanda Gene Kelly da Stanley Donen suka ba da umarni, kamfanin MGM na Amurka ya fitar a 1952.

Labarin ya koma 1927, shekarar da sinima ta fara magana bayan dogon zamanin fim marar sauti. Tauraruwa Lina Lamont kyakkyawa ce, amma muryarta tsiririya ce mai huda kunne. Aka ɓoye makirufo a cikin shuke-shuke, ta riƙa kawar da kai, maganarta na zuwa tana ɓacewa. Aka saka shi a rigarta, sai ga bugun zuciyarta ya cika ko'ina! Daga ƙarshe aka sa wata budurwa mai suna Kathy ta rera waƙa a bayan labule, Lina na motsa baki. Mai kallon finafinan Hausa ya san wannan dabarar sarai.

Dariyar ba ta wulaƙanta kowa, kuma gumi aka zuba kafin a same ta. Debbie Reynolds, wadda ta fito a matsayin Kathy, tana da shekara 19 a lokacin, ba ƙwararriyar mai rawa ba ce, amma ta jure horon har ta jera da Kelly a rawa. Abokin wasansu Donald O'Connor kuwa bango yake takawa ya wuntsila baya.

Sun yi aikin da ya cancanci yabo. Ku nemi fim ɗin, ku kalla tare da iyali.