Kura da Dila a Gaban Zaki

Duk yaron da ya tashi a Garwa, ko da Hausa aka yi masa tatsuniya ko da Fillanci, ya san kura. Fulani suna ce mata fowru. Ita ce mai shan wahala a kowane labari, wadda ake yi wa dariya tun kafin ta buɗe baki. A tatsuniyoyin Hausa babban abokin gabarta shi ne dila, malamin daji. Littafi uku na tatsuniyoyi da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 ba su rasa kura da dila ba, har yau kuma tsofaffi suna ba da labarinsu a unguwannin bakin Binuwai. Ina so mu duba wannan gaba da kyau, gama ina ganin mun daɗe muna yi mata gurguwar fahimta.

Bari mu ɗauki tatsuniyar rabon nama. Zaki da kura da dila suka fita farauta, suka kama jaki da barewa da zomo. Zaki ya ce wa kura ta raba. Kura ta ba zaki jaki, ta ɗauki barewa, ta bar wa dila zomo. Zaki ya kai mata mari har fatar fuskarta ta saɓule. Sai ya juya ya ce wa dila ya raba. Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, zomo na karin kumallo ne, barewa ta rana, jaki kuwa na dare." Zaki ya ji daɗi, ya tambaye shi wa ya koya masa rabo haka. Dila ya nuna fuskar kura.

A nan yara suke fashewa da dariya. Na sha ganin an rubuta wannan labari domin 'yan makaranta, a ƙarshensa kuma an liƙa darasi cewa haɗama ba ta da kyau. To, ina haɗamar kura a nan? Mai karatu ya sake duba rabon da ta yi. Babba ta ba shi babban kaso, na tsakiya ya sami na tsakiya, ƙarami ya sami ƙarami. Ko a gaban alƙali aka kai wannan rabo, ba za a ce ta yi zalunci ba. Laifinta ɗaya ne, ta ɗauka da gaske zaki yake da ya ce a raba. Wanda ya liƙa darasin haɗama bai saurari tatsuniyar ba, sunan kura kawai ya ji, ya yanke mata hukunci.

Sa'an nan me dila ya samu? Wannan ce tambayar da ba mu cika yi ba. Ya yi gudu a rana tare da sauran, ya koma gida hannu rabbana, ko zomon da kura ta ba shi bai tsira da shi ba. Abin da wayonsa ya saya masa shi ne fatar fuskarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana, amma gardin wannan labari ba dila ba ne. Shi da kura da yunwa suka kwana.

Haka yake a labarin zaki marar lafiya. Kura ta kai tsegumi cewa dila bai zo gaisuwa ba. Dila ya iso, ya ce ai neman magani ya tafi, maganin kuwa fatar kura ce. Su biyun kowa takobin zaki ya ara don ya sari ɗan'uwansa, ba wanda ya ko ɗaga ido ya dubi mai takobin. Mutanen ƙasar da ta zauna ƙarƙashin lamiɓe, ta ga Jamus a 1901, ta ga Faransa bayan yaƙin Garwa na 1915, ba sai an fassara musu abin da ake nufi da magana a fada ba. Ina tsammani shi ya sa manya suke murmushi kawai a wurin da yara suke ƙyaƙyatawa.

Labaran nan biyu ba namu ba ne mu kaɗai. Suna cikin littattafan Larabawa na dā, suna kuma cikin Roman de Renart, wanda aka fara rubutawa a Faransa wajen 1175. A can yanyawa ce da kyarkecin Turai, kuma marubutan sun ba gabar asali. Renar ya shiga gidan abokin hamayyarsa, ya ci mutuncin matarsa da 'ya'yansa, aka yi ta shari'a a gaban sarki zaki. Tatsuniyarmu ba ta damu da asali ba. Ba a gaya mana wa ya fara ba, gobe kuma za a ga kura da dila sun sake fita tare kamar ba abin da ya faru. Wasu suna ganin wannan rauni ne. Ni kuwa a nan nake ganin gaskiyarta, gama haka rikicin 'yan uba yake: ba mai tuna mafarinsa, ba kuma mai iya ƙaura ya bar gidan.

Zumuncin ma tatsuniya ce ta ƙulla shi. Masana dabbobi sun ce kura ta fi kusa da dangin kyanwa bisa ga na kare, kuma kura mai dabbare-dabbare yawancin abincinta ita take farauta da kanta. Dila kuwa, binciken da aka buga a 2015 ya nuna cewa irin nan mai ruwan zinariya na Afirka ya fi kusa da kyarkecin Turai da dilan Amurka da ake kira koyote. Ashe malamin daji jinin waɗanda ake cuta ne a labaran Turai.

Inda nake da ƙorafi da tatsuniyar shi ne, ba ta taɓa barin kura ta koma gida mu bi ta ba. Ana marinta, labari ya ƙare, ƙurunƙus. Sauran aikin yana hannun mai ba da labari. Ursula Baumgardt ta nuna haka a littafin da ta buga a 2000 a kan Goggo Addi ta Garwa, inda ta tattara tatsuniyoyi 70 daga bakin mace ɗaya, don a ga abin da gwana take zaɓa da abin da take bari. Na taɓa jin wata tsohuwa a Garwa ta ba da rabon naman nan. Da dila ya nuna fuskar kura, ba ta rufe labarin ba. Ta yi shiru har dariya ta lafa, sa'an nan ta ce zaki ya ja namansa ya shiga inuwa, kura da dila kuwa suka kama hanya ɗaya, ba mai ce wa wani uffan. Wani ƙaramin yaro ya tambaye ta ko an ba dila zomon. Ta ce masa dare ya yi, ya tashi ya je ya kwanta.