Sharhi a kan Settling Scores: labaran bincike a filin wasa

A shekarar 2020 Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya buga wannan kundi, wanda Martin Edwards ya tattara kuma ya tace. Gajerun labaran binciken laifi ne na tsofaffin marubutan Ingila, kowane labari da irin wasan da aka gina shi a kai: ƙwallon ƙafa, tseren kwalekwale, ninƙaya da sauransu.

Wannan tsari ya ƙawata littafin, amma shi ne kuma ya ɗaure hannun mai tacewa, domin wani labarin cike gurbi kaɗai ya shigo da shi. Abin dubawa shi ne labarin Conan Doyle na 1904, inda ɗan wasan rugbi na Jami'ar Kambirij ya ɓace ana gab da karawa da Okisfod. Sherlock Holmes ya bi sawun keken doki da kare, ya tarar da saurayin a gaban gawar matar da ya aura a ɓoye. Akwai tausayi, babu laifi, filin wasan kuwa mai karatu bai taka shi ba ko sau ɗaya.

Aikin Edwards ya fi fitowa a gajerun gabatarwar da ke gaban kowane labari, masu bayyana marubucin da zamaninsa. Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci za su amfana da wannan dabara, amma su fara da zaɓen labari mai kyau, sa'an nan jigo ya biyo baya.